Wasiƙa daga Fas: dardumar matan duwatsu

Yaya, ina gaisuwa da fatan alheri. Ya gida, ya yara? A gaishe min da Inna da kyau.

Yau labarin darduma zan ba ki, don a cikin kayan ɗakin mutanen Maroko babu abin da ya shiga raina kamarta. A can gida in za a yi wa amarya jere, kafet na inji ake aunowa a shimfiɗe ɗaki bango zuwa bango, in ya koɗe a naɗe a yar. A nan ma akwai irinsa, kuma mai ƙaramin ƙarfi shi yake saye. Amma saƙar hannu matsayinta daban ne. Gadonta ake yi, uwa ta bar wa 'ya, in ta yage a kai wa mai gyara ya cike wurin da zare mai launi iri ɗaya.

Masu saƙar mata ne na ƙabilun Amazigh da ke zaune a duwatsun Atlas, dangin Buzayenmu ta wajen harshe. Irin rubutun Tifinagh da muka sani a Agadas har a allunan ma'aikatun gwamnati ake ganinsa a nan, tun da tsarin mulkin 2011 ya amince da harshensu. Kowace ƙabila da hannunta. Ta Beni Warain, mutanen duwatsun da ke wajen Taza, fara ce mai ruwan madara, gashinta dogo da kauri, sai siraran layuka baƙaƙe da suka ratsa juna. Asalinta maganin sanyi ce, a kwanta a kai ko a lulluɓa. Kada ki yi mamaki, yankin nan dusar ƙanƙara ke rufe shi, kuma a garin Ifrane aka auna sanyin da ya haura digiri 23 ƙasa da sifili a 1935. Ta Taznakht da ke kudu ja ce da ruwan ɗorawa. Akwai kuma wadda ake saƙawa da tsummokara, wadda matan karkara suka ƙirƙiro da ulu ya yi musu tsada, yau ga shi Turawa na rububinta.

Zanen ne ya fi ɗaukar hankalina. Masaƙiya ba ta da takarda a gabanta. Tana zaune gaban itacen saƙar da aka kafa a tsaye, tana ƙulla zare ɗaya bayan ɗaya, ta danna da matsefin ƙarfe, abin da ta koya wajen uwarta shi take fitarwa daga ka. Shi ya sa za ki ga layi ya taho tiryan-tiryan sai ya karkace, ko launi ya sauya a tsakiya saboda zaren da aka rina ya ƙare an ɗauko wani. A wajensu wannan ba aibi ba ne. Siffar nan mai kusurwa huɗu da ke tsaye kan tsininta, da yawa suna ɗaukarta ido ne mai mayar da kambun baka, wasu kuma su ce alamar mace ce da haihuwa. Layi mai lanƙwasa ruwa ne ko maciji. Mai kusurwa uku kan nuna maɗaurin azurfa da matansu ke kama mayafi da shi a kafaɗa. Tsari dai na Allah ne, Yaya, amma ina ganin ƙimar macen da ta shafe watanni tana saƙa fatanta na alheri ga gidanta. Mu ma muna da namu, aska takwas a gaban babbar riga da dagi a bangon gidajen Zazzau, sai dai yaranmu ƙalilan ne za su iya gaya miki abin da suke nufi, kuma wannan yana damuna. A Marrakesh gida guda aka ware, Dar Si Said, tun 2018 ya zama gidan tarihin saƙa da darduma na ƙasa.

Rinin gargajiya kuwa ba baƙo ba ne a wurinmu: baba irin na marinar Ƙofar Mata, da lalle, da ɓawon rumman, da wata saiwa mai ba da ja.

Wajen ciniki sun iya tarbar mai saye. Za a zaunar da ke, a kawo shayin na'a-na'a, yara su yi ta warware darduma har ta taru tsibi, kuma in kin saya su ɗaure su aika miki duk ƙasar da kike. Sai dai farashin farko na baƙo ne, dole ki taya ƙasa sosai. Labarin ma'anar zane ma, wani ɗan kasuwar ƙara masa gishiri yake yi don ya sayar. Abin da ya fi ci min rai shi ne rabon masaƙiya. Dillalai ne ke kwashe ribar, ita kuwa abin da ke isa hannunta bai taka kara ya karya ba. Shi ya sa na fi son kasuwar Talata ta Azrou, ko ƙungiyoyin mata masu sayar da nasu da kansu.

Jabu ma ta yi yawa. Juya bayanta ki duba, ƙullin hannu ba ya daidaita sak. Ki zare silin gashi ki sa masa ashana: ulu na gaske warin ƙonannen gashi yake yi ya zama toka, na roba narkewa yake ya dunƙule. Ki goga farin ƙyalle mai danshi ki ga ko rinin zai zuba.

Mai kaurin nan ba ta dace da Kano ba, ƙurar hunturu za ta shige cikinta, ga zafi, ga asu. Wadda za ta yi mana ita ce shimfiɗaɗɗiyar saƙa marar gashi da suke kira hanbel. Ba ta da nauyi, kakkaɓewa kawai take so a shanya a inuwa, kuma a jikinta ne ma zanen ya fi fitowa sarai.