Wata biyar a hannun masu gashin ƙashi a Jos bayan an yanke mini kansar fata a ƙafa

Ni tela ne, shekarata 31 a kan keke, kuma har yau keken ƙafa nake takawa. Yadda wuta take a Nasarawa Gwom, wanda ya jingina da keken lantarki kaɗai sai ya kwana da kayan sallar mutane a shago. Saboda haka a wurina wuyan ƙafa jari ne, kuma da wannan idon nake auna wurin gashin ƙashin da na yi wata biyar ina zuwa. Ba zan kama sunan wurin ba. Ƙaramin wuri ne mai zaman kansa ta wajen hanyar Bauchi, gado huɗu, ma'aikata uku.

Asalin ciwon tabon ƙuna ne a ƙwaurina na hagu, ya gangaro har gaban wuyan ƙafa. Ina shekara bakwai na faɗa kaskon garwashi da muke jin ɗumi da shi a hunturu, duk wanda ya tashi a Jos ya san wannan kasko. Ya warke, na manta da shi sama da shekara arba'in, sai kawai ya fashe ya zama gyambo. An sa zuma, an barbaɗa garin kafso, an kawo na gargajiya daga ƙauye, wata goma sha ɗaya sai faɗi yake ƙarawa, bakinsa ya yi tudu, ga wari. Da aka yanki ɗan nama aka kai gwaji, sakamako ya nuna kansar fata ce. Likitan tiyata ya ce suna kiran irinta gyambon Marjolin, sunan wani likitan Faransa da ya yi bayanin irin wannan gyambo a 1828, kuma tsohon tabon ƙuna ne gidanta, takan yi shekara ashirin, talatin ko fiye a ɓoye kafin ta bayyana. An yanke ciwon har da kusan santimita 2 na lafiyayyar fata a kewayensa, aka fero fata siririya daga cinyata ta dama aka lulluɓe wurin, aka ɗaure ƙafar da filasta don kada ta motsa. Kwana biyar ba a buɗe ba. Abin mamaki, cinyar da aka fera ta fi inda aka yi aikin zafi nesa ba kusa ba.

Fata ta kama, alhamdulillahi. Amma ranar da aka cire filasta na ga ƙafar kamar ba tawa ba. Sharaɓa ta tsotse, wuyan ƙafa ya sandare kamar an kafe shi da ƙusa, in na sauke ta ƙasa minti kaɗan sai ta kumbura ta yi duhu tana zugi. A wannan halin ɗana ya kai ni wurin gashin ƙashin, a Keke Napep, ina dogara sanda biyu.

Sunan da muka ba sana'ar nan, gashin ƙashi, yana ruɗin mutane, ni ma ya ruɗe ni. Na shiga ina jiran a kunna mini jar fitilar nan mai zafi, ko a manna mini wayoyin da ke sa tsoka rawa, kamar yadda na ga ana yi wa wani dattijo mai ciwon baya a gadon kusa. Wanda aka haɗa ni da shi, saurayi ne ɗan wajen Pankshin da bai wuce sa'an ɗana na fari ba, ya karanta takardar likita ya ce, "Baba, kai ba za mu sa maka zafi ba, ba za mu sa maka na'ura a wurin nan ba." Raina ya ɗan sosu, na ce to me zan biya wa kuɗi? Sai ya ɗauki auduga ya ce in rufe ido. Ya shafa a kan sabuwar fatar, ban ji komai ba. Ya ce fatar da ba ta jin auduga ba za ta ji ƙuna ba sai ta sale, kuma wurin da aka cire cutar kansa ba a gaggawar kai masa zafi ko na'urar lantarki sai da izinin likitan da ya yi aikin. A daren nan na hana maman yara tafasa ruwan da ta saba gasa mini ƙafa da tsumma. Da ba don wannan audugar ba, da mun dafa dashen da hannunmu muna ganin taimako muke yi.

Abu na biyu da ya sa na yarda da shi, ya fito da wani ma'auni na roba mai hannu biyu, kamar na 'yan makaranta masu lissafin kusurwa, ya auna iya inda ƙafar ke lanƙwasawa sama da ƙasa ya rubuta. Lafiyayyen wuyan ƙafa yana ɗagowa sama kamar digiri 20, yana miƙewa ƙasa wajen digiri 50, kuma tafiya ta sosai tana buƙatar aƙalla digiri 10 na ɗagowa. Nawa ɗagowa babu ko ɗaya, miƙewa 15. Mu teloli ba mu yarda da aikin da ba awo, don haka nan take na ji mun zo ɗaya. Duk bayan mako biyu yana sake awon, ba sai ya ce mini "ana samun sauƙi" da baki ba.

Sai ya tambaye ni me nake so ƙafar ta iya yi. Na ce uku: ta taka keke, ta zauna tahiya, ta tsuguna a bayi. Shi ba Musulmi ba ne, sai ya ce wa ɗana ya yi zaman ya gani. Ya durƙusa yana kallon yadda ake shimfiɗe ƙafar hagu, bayanta ya kwanta a ƙasa, ya kaɗa kai ya ce, "Baba, wannan zaman shi ne zai fi ba mu wahala." Dalili, dashen fata yana tsukewa yayin da yake warkewa, nawa kuma a gaban gaɓar yake, daidai inda dole fata ta miƙe in za a shimfiɗe ƙafa. Tamkar a yi wa wando faci da yadin da bai sha ruwa ba, wankin farko sai ya tattare ya ja gwiwa.

Aikin kansa ba shi da wani armashi, kuma kaso mafi yawa a gida ake yinsa. Da farko sauke ƙafa daga gado minti biyar, a mayar a ɗora a kan filo biyu, washegari a ƙara. Ɗaga tafin ƙafa da saukewa sau ashirin duk bayan awa. Rubuta haruffa a iska da babban yatsa, ni alif, ba, ta na riƙa yi har zuwa ƙarshe. Rataya ƙyalle a tafin ƙafa a jawo a riƙe daƙiƙa 30, kuma ƙyalle dai ba ya yanke wa tela. Daga baya aka shiga jan roba, ɗage a kan yatsu ina dafe da bango, da tsayuwa da ƙafa ɗaya. Da fatar ta gama haɗewa ya koya mini murza tabon da yatsa sau uku a rana, ana zagayawa ana ɗan ɗaga shi don kada ya manne da jijiyoyin da ke ƙasansa. Ya ce siririyar fatar da aka dasa ba ta yin gumi ko maiƙo kamar sauran jiki, dole a ciyar da ita mai. Man kaɗanya na riƙe. A watan Janairu, da iskar hunturu ta kankama, kwana biyu na yi sakaci sai ga tsaga a gefe kamar faso.

Dabarar da ta fi burge ni a mako na shida ta zo. Ya ce in cire bel ɗin keken ɗinki in riƙa taka fedar haka nan, minti biyar safe da yamma, mai lafiyar tana ja, mai ciwon tana bi. Ashe na'urar da ta fi dacewa da ni tana shagona tun 1994.

To ga inda raina bai yi daɗi ba. Wurin da guragu da masu sanda ke zuwa, matakala huɗu ne a ƙofarsa, babu gangara, babu abin dafawa. Sati ukun farko ɗana ke tallabe ni kamar buhun dankali. Lokaci kuma ba a cika shi: a ce maka ƙarfe tara, sai sha ɗaya ta gota, kana kan benci ƙafa a rataye tana kumbura, abin da su da kansu suka hana ka. Sun sayar mini da safar matse ƙafa ba tare da an auna ni ba, ta naɗe a ƙasan gwiwa ta shata mini layi, sai da na sake sayen wata da kuɗina. Mafi muni, ranar da mutumina ba ya nan aka ba ni wani da bai buɗe fayil ba. Ya danna ƙafar da ƙarfi ina cewa "Likita, a hankali," yana cewa in daure, gefen dashen ya tsage ya yi jini. Kwana goma muka koma baya. Sun ba da haƙuri, sun yafe kuɗin zama biyu, amma daga ranar na kafa sharaɗi: in mutumina ba ya nan, ina juyawa gida. Duk mai zuwa irin wannan wuri ya nemi a tsayar masa da mutum ɗaya, ya kuma tambaya ko yana da rajista da hukumar da ke ba masu wannan sana'a lasisi, don masu tausa da yawa yanzu suna rataya farar riga.

Kuɗi kuwa, naira 5,000 kowane zama, sau biyu a mako wata biyu, sannan sau ɗaya, ban da kuɗin Keke. Ga wanda shagonsa ke rufe, da nauyi. Da na faɗa masa gaskiyar aljihuna bai ja ni ba, ya rage zuwan, ya zana mini atisayen a takarda, ya ce in dawo awo kawai. Wannan ya ƙara masa daraja a idona fiye da komai.

Awon ƙarshe ya nuna ɗagowa digiri 12, miƙewa 38. Na ajiye sanda tun wata na uku, ina taka keke awa huɗu kafin ƙafar ta fara nauyi, sai in ɗora ta a kan kujera in koma yanka. Tsuguno yana yiwuwa in na dafa buta. Tahiya ce har yanzu sai na naɗe ƙaramin tawul na sa a ƙasan wuyan ƙafar, kuma a masallacin Juma'a ƙarshen sahu nake nema don in sami wurin miƙe ta. Mutumina ya ce tabo yakan kai shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi kafin ya gama nuna, kada in daina murzawa. Kowane zuwa kuma sai ya sa na laluba matsematsina ko akwai kaluluwa, ya tambayi ranar komawata wurin likitan tiyata, don irin wannan kansa tana iya dawowa ko ta bi ta can. Ranar Talata mai zuwa ce, na riga na gaya wa masu kaftani uku su zo Laraba.