Canjin gwiwa da aka min a Abuja: likitan ya iya aiki, amma bayan sallama sun yar da ni

Masu ta kirana kuna tambayar ya ƙafa, ga amsa gaba ɗaya. Ba zan kama sunan asibitin ba, na kuɗi ne dai a cikin gari, kuɗin kuma kun san yadda yake ba sai na faɗa ba.

Shi aikin kansa wallahi sai godiya. Ni na rabi na so a min, wanda ake canja gefe ɗaya na gwiwar kawai, don na ji ance yankan ƙarami ne kuma an fi saurin miƙewa, sai likita ya ɗaga hoton ƙashin yace Hajiya duba nan da nan, guringuntsin ya cinye ta ko'ina ƙashi ne ke gogar ƙashi, sai dai a canja duka. Allurar baya aka min, ina jin ƙarar zarto da buge-bugensu amma ba zafi, bai kai awa biyu ba aka gama. Ƙarfe suka sa a ƙarshen ƙashin cinya da saman na ƙwauri, da wata roba mai tauri a tsakani. Washegari nas ta kawo ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu tace Mama tashi, nace ke 'yar nan jiya fa aka yanka ni, amma da taimakonta na taka har bakin ƙofa. Da a ranar na rubuta wannan da yabo kawai za ku gani.

To matsalar gashin ƙashi ce, wato fisiyo, motsa ƙafar da ake yi bayan aiki. Lokacin biyan kuɗi da bakinsu suka ce har da fisiyo a ciki. Na koma gida Kubwa, yaron da suka turo ya leƙo farko-farko sai ya ɗauke ƙafa, a kira ba ya ɗauka, ɗana ya je ofishinsu aka ce ai gashin da ke cikin lissafi na kwanciyar asibiti ne kawai, na gida sai an sake biya, kuma ko takarda ɗaya ta motsa jikin da zan riƙa yi ba wanda ya ba ni. Ina kwance ƙafa ta kumbura ta yi tauri kamar taɓarya, dare ba barci, ga allurar hana daskarewar jini da 'yata ke min a ciki kullum. Da na koma ganin likita ya auna lanƙwasar, digiri 70 kacal, yace ya kamata a ce na kai 90, in ba haka ba ko zama a kujera da hawa mataki sai sun gagare ni, kuma in aka doshi wata uku a haka sai a sa ni barci a lanƙwasa ta da ƙarfi. Na ga ransa ya ɓaci da ya ji labarin, amma ɓacin ransa bai dawo min da makonnin da suka wuce ba.

Wata yarinya mai gashin ƙashi muka samo da kuɗinmu, Allah ya yi mata albarka. Za ta zaunar da ni bakin gado ta ɗora ƙafarta kan tawa tana turawa baya a hankali ina salati ina hawaye, tace Mama haƙuri saura kaɗan, ta ɗaure min ƙanƙara bayan nan. Yanzu na wuce 110, ina zuwa kasuwa ba sanda, ciwon nan na dā da ke hana ni tsayawa girki babu shi.

Amma da na tuna sallah sai raina ya sake tashi. Na tambaye su tun kafin aiki, suka ce komai zai dawo daidai. Har yau a kujera nake yi, sujada da zaman tahiyya ba sa yiwuwa, gefen tabon ma ya mutu ba na jin taɓawa, mai gashin ce ta faɗa min yawancin masu wannan aikin durƙuso na musu wuya. Me zai hana su faɗa min tun farko, mun kuma canja ban-ɗaki zuwa na zama a gaggauce bayan na dawo.

Likitan ko gobe zan tura masa mutum. Ɗayar gwiwar ma ta fara, amma ba zan biya ko sisi ba sai sun rubuta min a takarda wa zai min gashi a gida kuma na wata nawa.