Gwajin jinin sukari da kitse: ya ci kuɗinsa, amma da saura

Likita ne ya tura ni wani ɗakin gwaje-gwaje mai zaman kansa a Kano, ganin tumbina ya fara riga ni shiga ɗaki. Abin da yake zargi shi ne haɗakar nan ta ƙiba, hawan jini, sukari da kitsen jini, wadda kan share wa ciwon suga da ciwon zuciya hanya tun mutum yana jin kansa garau.

Wajen aiki dai ban ga aibinsu ba. Sun ce kada in ci komai daga dare, ruwa kawai. Da safe aka ɗebi jini da sabuwar allura, kafin la'asar sakamako ya shigo ta WhatsApp.

Alamomin haɗakar biyar ne, wanda ya haɗa uku ya shiga sahu. Uku daga jini suke, a ma'aunin mmol/L: sukarin da aka auna ba a karya ba ya kai 5.6, kitsen da ake kira tiraigilisaraid ya kai 1.7, sai kolestarol mai amfani, wato HDL, ya gaza 1.0 ga namiji ko 1.3 ga mace. Nawa sukarin 5.9, HDL 0.9, kitsen kuwa lafiya lau. Biyu ke nan, da takardar kaɗai zan bi da na ce na sha.

A nan ne suka gaza. Babu wanda ya auna min hawan jini ko ƙugu, alhali su ne cikon biyar ɗin. Likita da ya ɗaura min na'ura ya samu 134 bisa 88, iyakar kuwa 130 bisa 85 ce. Tef ya nuna santimita 101, ga shi 94 ake so namiji kada ya kai. Ya kuma ce kada kyawun tiraigilisaraid ya ruɗe ni, don a jikin baƙar fata yakan zauna ƙasa ko da matsalar ta kama.

Sun so su ƙara min gwajin HbA1c, mai nuna matsakaicin sukarin wata biyu zuwa uku, ba su ko tambayi rukunin jinina ba. Ni AS ne, wato ina ɗauke da ƙwayar sikila, kuma a wasu na'urorin jinin sikila yana karkatar da sakamakon. A garin da masu AS suke da yawa haka, wannan sakaci ne.

Zan koma bayan wata shida, amma sai na biya ta wajen likita ya rubuta min abin da za a auna.