Sharhi kan tiransimitar 1550 mai hana haske komawa baya

Abokan aiki masu jan wayar fayiba a nan Legas suna yawan tambayata ko sabuwar tiransimitar da muka saya a Alaba, wato na'urar da ke mayar da siginar talabijin haske mai tsawon zango nanomita 1550 ta tura shi cikin fayiba, ta ci kuɗinta. Ta ci, amma ga mai dogon layi kaɗai.

Muna tura tashoshin talabijin ta fayiba daga Agege zuwa wajajen Ikorodu. Da tsohuwar na'ura, duk ƙarfin da muka ƙara a amfilifaya, wato na'urar ƙara wa haske ƙarfi, mitar da ke ƙarshen layi ba ta gusawa, hoton ma sai ƙara lalacewa yake yi. Ba karyewar waya ba ce. Idan haske mai ƙarfi, wanda zangonsa ya tsuke, wato ya taru a launi ɗaya tak, ya shiga fayiba, yana tayar da wata girgiza irin ta sauti a cikin gilashin, ita kuma ta juyo da hasken baya. Wannan ne ake kira SBS (Stimulated Brillouin Scattering), abin da ya samo asali daga binciken Léon Brillouin na Faransa a 1922. A dogon layi, in babu kariya, yana farawa tun wajen 7 dBm a ma'aunin ƙarfin haske, miliwat 5 ke nan. Tsohuwar tamu tana jure 13, mu kuwa 17 muke turawa, wato miliwat 50. Zuba ruwa ne kawai a tulun da ya cika.

Dabarar sabuwar ita ce ta baza hasken a zango mai faɗi, yadda babu ɓangaren da zai kai ƙarfin tayar da girgizar. Ana saita ƙarfin da za ta jure daga 13 zuwa 19 dBm a allon gaba. Muna ɗora ta a 17, mita ta tashi, hoto ya washe, kiran ƙorafi daga kwastomomi ya ja baya.

Sai dai kada ku biye wa mai shago da zai ce ku murɗe ta zuwa 19 ku huta. Yawan baza hasken yana da nasa illa: idan layi ya yi nisa, sassan hasken ba sa isa tare, sai hoton ya fara zane-zane. Ku daidaita ta da ƙarfin da kuke turawa, kada ku zarce.

Abin da bai yi mini ba: fankarta tana da ƙara, littafin bayaninta kuma bai taɓo wannan illar ba ko da layi ɗaya. Ba ta son zafi, kuma duk sanda aka ɗauke wuta aka koma janareto sai ta ɗauki lokaci kafin ta daidaita. Dole muka haɗa ta da inbata, muka sa mata AC.

Kuma ba ta gyara ganganci. Kanektarta koriya ce, APC, mai bakin da aka goge a karkace digiri 8 don hasken da ya dawo ya kauce. Idan yaro ya cusa mata shuɗiyar kanekta, wadda bakinta ba a karkace yake ba, haske zai koma baya ta wata hanyar da babu saitin da zai tare. Ƙura a bakin kanekta kuwa, a wannan ƙarfin, ƙonewa take yi ta ɓata shi. Hasken 1550 ido ba ya ganinsa, don haka ku hana yara leƙa bakin waya.

Wanda layinsa bai wuce cikin unguwa ba, irin Idi-Araba zuwa Mushin, ya sayi ƙaramar tiransimita mai araha, ya sa ragowar kuɗin a batura.