Sharhi a Kan Kajin Lavender Orpington Bayan Na Kiwata Su a Bayan Gida

Kazar Lavender Orpington tana cikin kajin da masu kiwon bayan gida suka fi rububi a nan Ingila, kuma bayan 'yan shekarun da na yi ina kiwonta, tun daga ƙwai har na ga jikokinta, ra'ayina shi ne kaza ce mai daɗin sha'ani wadda ta cancanci yabo. Sai dai tsadar da ake yi mata tsadar launi ce, kuma a wannan launin ne babbar matsalarta take, abin da masu sayarwa da yawa ba sa gaya wa mai saye.

Asalin irin Orpington daga wani mai kiwo ne mai suna William Cook, wanda ya fitar da baƙar Orpington a shekarar 1886 a garin Orpington da a lokacin yake cikin yankin Kent, kudu maso gabashin Landan, ta hanyar haɗa irin Minorca da Langshan da Plymouth Rock. A 1894 ya fito da mai launin ruwan zuma wadda ake kira Buff, ita ce kuma ta fi shahara har yau. Manufarsa ita ce kaza mai nama da ƙwai a lokaci guda, amma daga baya masu kai kaji gasar baje koli suka karkata ga yawan gashi da faɗin jiki, har kazar ta zama ƙatuwa mai gajerun ƙafafu da gashi buzu-buzu. Mai launin lavender, wato toka-toka mai haske da ɗan sirkin shunayya, sabuwar shigowa ce idan aka kwatanta da waɗancan.

Na fara ne da ƙwan ƙyanƙyasa da na saya a wurin masu ƙaramin kiwo, waɗansu aka aiko mini ta gidan waya, waɗansu kuma na je na karɓo da hannuna, kuma bambancin a fili yake, domin waɗanda suka sha jijjiga a hanya da yawansu ba su yi komai ba. Injin ƙyanƙyasa na saita shi a kan digiri 37.5 na ma'aunin Selshiyas, ana juya ƙwan har rana ta 18, sannan a daina juyawa a ƙara danshi, a rana ta 21 kuma 'yan tsaki suka fara fasa ɓawo. Suna fitowa da laushin gashi mai ruwan toka da ɗan fari a ƙirji, masu kuzari da cin abinci, kuma rainonsu bai bambanta da na sauran 'yan tsaki ba: ɗumi na kimanin digiri 35 a makon farko, ana rage shi kaɗan-kaɗan kowane mako har gashinsu ya cika.

Abin da ya sa na zaɓi wannan launi, kuma har yanzu nake ganin ya fi sauran armashi ga mai son ƙyanƙyasa da kansa, shi ne yadda ake gadonsa. Ƙwayar gadon lavender ɓoyayyiya ce, ba ta bayyana a jikin kaza sai ta gaje ta daga uwa da uba duka biyu. Aikinta shi ne dusashe launin da ke cikin gashi, ta mayar da baƙi ya zama toka-toka, ja kuma ya zama ruwan ƙasa mai haske, saboda haka Lavender Orpington a haƙiƙa baƙar kaza ce da aka tsarma launinta. Idan aka haɗa zakara lavender da kaza lavender, duk 'ya'yan lavender za su fito, babu ko ɗaya da zai saɓa. Wannan ya bambanta ta da shuɗiyar Orpington da ake kira Blue, wadda ido kan rikita su, domin idan aka haɗa Blue biyu, kimanin rabin 'ya'yan ne kawai ke fitowa Blue, kashi ɗaya cikin huɗu baƙaƙe, sauran kuma farare masu ɗigo-ɗigo. Akwai alamar da mai saye zai duba: gashin Blue yakan zo da duhun baki-baki a gefen kowane gashi, zakaranta kuma wuyansa da bayansa sun fi sauran jikinsa duhu, alhali lavender launinta ɗaya ne shimfiɗe daga kai har wutsiya.

To, a nan ne gizo ke saƙar. Wannan sauƙin gado shi ne ke ruɗin masu kiwo su yi ta haɗa lavender da lavender zuriya bayan zuriya, sau da yawa ma 'yan gida ɗaya, tunda kowane ɗan tsako da ya fito kuɗi ne. Sakamakon na gan shi a akurkina. A rukunin farko da na ƙyanƙyashe, zakarun suna kai wata huɗu gashin wutsiyarsu da na fikafikansu ya fara tsagewa yana yamutsewa kamar an bi shi da tsohon almakashi, kuma ba ƙwarƙwata ba ce, ba kuma ƙarancin abinci ba, domin na bincika duka biyu. Lahani ne da masu kiwo suka daɗe da sanin yana tafiya tare da wannan launi, ya fi fitowa a jikin zakaru, kuma babu abincin da ke gyara shi. Ban da haka, kajin wannan rukuni ba su kai girman da aka san Orpington da shi ba, inda zakara kan kai kilo huɗu da rabi, kaza kuma ta haura kilo uku da rabi. Launin ya fito yadda aka yi mini alkawari, amma sauran siffar irin ta ragu, kuma hakan ya ɓata mini rai ƙwarai, domin mai sayarwar ya san abin da ke cikin garkensa.

Gyaran yana hannun baƙar Orpington mai kyau. Na samo baƙin zakara mai faɗin ƙirji da santsin gashi na haɗa shi da kajina, 'ya'yan duka suka fito baƙaƙe amma kowanne yana ɗauke da lavender a ɓoye. Idan aka mayar da irin waɗannan kan lavender, kimanin rabin 'ya'yansu kan fito lavender, idan kuma aka haɗa su da junansu, kimanin kashi ɗaya cikin huɗu ne. Daga cikinsu sai a zaɓi masu lafiyayyen gashi a ci gaba da su, a cire masu tsagaggen gashi daga kiwo ko da launinsu ya fi na kowa kyau. Aiki ne na shekara biyu aƙalla, yana kuma cin abinci da wuri, amma jikokin da na samu sun fi kakanninsu girma da sheƙi nesa ba kusa ba.

Wajen hali ban sami abin kushewa ba. Kaji ne masu sanyin rai da ke sabawa da mutum, yara suna ɗaukarsu ba tare da tsoro ba, kuma saboda nauyinsu ba sa tsallake shinge ko da gajere ne, sai dai dole sandar kwanansu ta kasance ƙasa-ƙasa don kada su ji ciwo wajen dira. Wannan sanyin hali yana sa kaji masu zafin kai su riƙa korarsu daga wurin abinci idan aka gama su wuri ɗaya.

Mai neman ƙwai don riba ya nemi wata kazar. Sagarorina ba su fara ƙwai ba sai da suka haura wata shida, kuma ko a lokacin da suka fi ƙoƙari, uku zuwa huɗu suke yi a mako, masu launin ƙasa-ƙasa mai haske, sannan su tsaya idan sun shiga zubar gashi ko ranaku sun gajarta a hunturu. Suna yawan kwanci, wanda hasara ce ga mai tara ƙwai amma alheri ne ga mai son 'yan tsaki, domin uwa ce ta gari mai iya rufe ƙwai da yawa. Suna da saurin ƙiba, kuma kazar da kitse ya rufe ƙwanta raguwa yake yi, don haka na taƙaita musu masara na bar su a kan abincin kaji masu ƙwai.

Yawan gashin nan yana da nasa wahalhalu. Yana kwasar laka a damunar Ingila da ba ta ƙarewa, yana ɓoye ƙwarƙwata, kuma jan ƙuman da ke kwana a tsagar katakon akurki yana fitowa da dare ya sha jininsu, don haka nakan duba akurki da tocila a kai a kai, na kuma tanadar musu busasshen yashi da toka don birgima. A lokacin barbara nakan rage gashin da ke kewaye da duburar zakara da ta kaza da almakashi, abin da ya ƙara yawan ƙwan da ke ɗauka. Rana mai ƙarfi kuma tana koɗar da launin ya koma rawaya-rawaya, musamman a wuyan zakara, sai ya sake sabon gashi.

Sanyi ba ya damunsu, amma zafi abokin gabarsu ne. A watan Yulin 2022, lokacin da zafi ya haura digiri 40 a Ingila karo na farko a tarihi, na wuni ina kallonsu baki buɗe, fikafikai a saki, suna haki a ƙarƙashin inuwa, kuma sai da na riƙa sauya musu ruwan sanyi ina jiƙa ƙasar da suke kwanciya kafin suka tsira. Shi ya sa idan 'yan'uwa daga Kano ko Damagaram suka ga hotonsu suka ce in nemo musu iri, nakan gaya musu gaskiya cewa zafin da ya galabaitar da su na 'yan kwanaki a nan, shi ne abin da ake sha makonni a jere a bazara a can, kuma wanda ba shi da inuwa mai kauri da iska mai ratsa akurki zai yi hasarar kuɗinsa, ya kuma azabtar da dabba.

Ga mazauna Ingila akwai ƙarin nauyi na doka, domin tun 1 ga Oktoban 2024 wajibi ne duk mai kiwon kaji ya yi rajista da hukuma ko da kaza ɗaya gare shi, kuma idan murar tsuntsaye ta ɓulla akan ba da umarnin kulle kaji a rufaffen wuri na tsawon watanni. Akwai kuma batun zakaru, tunda kusan rabin abin da aka ƙyanƙyashe maza ne, ba a gane su da wuri sai zankonsu ya fara girma yana ja, kuma maƙwabta a unguwa mai cunkoso ba sa jure carar asuba. Wanda ya amince da duk wannan, shawarata ita ce ya je gidan mai kiwon da ƙafarsa kafin ya biya ko sisi, ya nemi a nuna masa zakaran da ya yi barbarar, ya buɗe fiffikensa da wutsiyarsa ya duba gashin ɗaya bayan ɗaya, sannan ya tambaya yaushe rabon da a shigar da baƙar Orpington cikin garken.