Yini ɗaya daga Madrid: wane gari ya cancanci kuɗin tikitinka?

Wanda taro ko kasuwanci ko kallon ƙwallo ya kai shi Madrid yakan ware yini guda ya leƙa wani gari, ya dawo ya kwana a masaukinsa. Sunaye huɗu za a yi ta ambata maka: Toledo, Segobiya, Garnaɗa da Ƙurɗuba, wadda za ka ga an rubuta Córdoba a tikiti da allon tasha. In yinin ɗaya ne tal gare ka, Ƙurɗuba za ka nufa.

Segobiya tana da magudanar ruwa ta Rumawa mai tsayin mita 28, abin kallo ce, amma awa uku sun ishe ka garin, abincin da suke tinƙaho da shi kuwa gasasshen ɗan alade ne. Garnaɗa ba ta yini ɗaya ba ce: jirgi ya fi awa uku zuwa, haka dawowa, tikitin fadar Alhambra kuma yakan ƙare makonni kafin ranar.

Toledo ce kawai za a ce tana ja da Ƙurɗuba, kuma ta fi sauƙi da araha. Daga tashar Atocha ta Madrid minti talatin da 'yan kai ne, farashin jirgin bai cika motsi ba, sai dai kujerun safe da na yamma sukan ƙare a ƙarshen mako, don haka sayi na zuwa da na dawowa tare. Tashar Toledo tana ƙasa, garin yana kan dutse. Hau bas zuwa dandalin Zocodover, ko ka bi matakalar nan mai tafiya da kanta. Akwai ɗan masallacin Babul Mardum da aka gina a 999, mai ƙananan ƙubbobi tara. Kyakkyawa ne, amma minti ashirin ka gama ganinsa. Garin ya fita hannun Musulmi tun 1085, yawancin abin da za ka gani majami'u ne da shagunan takubba. In da tsoho ko mai ciwon gwiwa a tafiyar, hawa da gangaren Toledo za su wahalar da shi.

Ƙurɗuba tana da nisan kusan kilomita 400 ta mota, amma jirgi mai gudu daga Atocha yana kai ka cikin awa biyu ko ƙasa da haka. Daga tasha zuwa tsohon gari tafiyar minti ashirin da biyar ce a ƙafa, shimfiɗaɗɗiyar hanya. A tsohon babban masallacin garin za ka fara shiga farfajiya mai itatuwan lemo, inda a da ake alwala, shigarta kyauta ne. Daga nan ka tsallaka ƙofa, haske ya rage, idonka ya ɗan saba, sai ka ga ginshiƙai sama da 850 sun jeru har inda ganinka ya tsaya, kowanne ɗauke da baka biyu, ɗaya bisa ɗaya, an jera jan bulo da farin dutse bi da bi. Sarkin Andalus Abdurrahman na Ɗaya ne ya fara ginin wajen 785, magadansa suka yi ta faɗaɗa shi. Kada ka tsaya ɗaukar hoto a bakin ƙofa inda jama'a ke cunkushe. Miƙe kai tsaye zuwa bangon alƙibla, wurin mihirabin da Alhakam na Biyu ya gina a shekarun 960. An kewaye shi da ayoyi cikin rubutun Kufa, da ƙananan ƙwayoyin gilashi masu ruwan zinariya da shuɗi waɗanda masu sana'a daga ƙasar Rum suka liƙa ɗaya bayan ɗaya. Ɗaga kai ka dubi ƙubbar da ke gabansa. Wannan kusurwar kaɗai ta biya kuɗin jirgi.

Ga ɗalibin ilimi kuwa garin ba baƙo ba ne. Yahya ɗan Yahya Allaisi, wanda ruwayarsa ta Muwaɗɗa ce ake karantawa a zaurukanmu, a nan ya rasu a 848. Imam Ƙurɗubi mai tafsiri ɗan garin ne, haka Ibn Rushdi, wanda aka kafa wa mutum-mutumi a jikin ganuwa.

Abu ɗaya ka sani tun daga gida, don kada ranka ya ɓaci a can: tun 1236 ginin majami'a ne, an kuma gina babbar coci a tsakiyarsa a ƙarni na 16. Ba a barin Musulmi su yi salla a ciki, masu gadi suna lura, za su tsayar da kai. Akwai ƙaramin masallaci a lambun Colón, tsakanin tasha da tsohon gari. Kai matafiyi ne, kasaru ta halatta maka. A watannin zafi Azahar ba ta shiga sai bayan ƙarfe biyu, Magariba kuma sai wajen goma saura. Ranar Lahadi ana rufe wa masu yawon buɗe ido ƙofar majami'ar na wasu awanni saboda ibadar Kirista, don haka zaɓi ranar aiki. Kaucewa Litinin ma ya fi, in kana son ganin kangon Madinatuz Zahra, birnin da Abdurrahman na Uku ya fara ginawa a 936, kilomita takwas yamma da gari, domin ranar a rufe yake. Haɗa su biyun a yini ɗaya sai wanda ya kama jirgin bakwai ko takwas na safe. Yuli da Agusta zafi yakan haura maki 40. Maris, Afrilu da Oktoba sun fi.

Kan layin jirgin akwai kamfanin Renfe mai jiragen AVE da na Avlo masu araha, akwai Iryo, akwai Ouigo. Gudunsu kusan ɗaya ne. Bambancin yana ga sharaɗin tikiti. Mafi araha galibi ba a mayar da kuɗinsa, in ka makara ya tafi ke nan, kuma ana taƙaita kaya. Ni dai shawarata, na zuwa sayi mai araha, na dawowa ƙara kuɗi ka ɗauki wanda ake iya sauya wa lokaci. Kada kuma ka taɓa sayen jirgin ƙarshe na dare. Ka bar aƙalla guda ɗaya a bayanka, in ba haka ba makarar minti biyar za ta jawo maka kuɗin otal da sabon tikiti a farashin ranar, ga kayanka can a Madrid. Ana bincikar jaka da na'ura kafin shiga, ana rufe ƙofa 'yan mintoci kafin tashi, saboda haka isa da rabin awa a hannu. Dubi tikitinka da kyau: Atocha daban, Chamartín, ɗaya tashar ta Madrid, daban, tsakaninsu tafiya ce. Hayar mota awa huɗu ce zuwa, ba ta taso ba. Bas ɗin 'yan yawon buɗe ido mai alkawarin gari biyu a yini ɗaya kuwa rabin yinin a kujera za ka yi shi, sauran a shagon da suka shirya da mai shi, kuma sau da yawa kuɗin shiga wuraren ba ya cikin abin da ka biya.

Inda aka fi cutar baƙo shi ne tun kafin ya bar ɗakinsa. Ka rubuta sunan masallacin a Google, shafukan da za su fito a sama tallace-tallace ne na 'yan kayi-nayi, da hoton ginin da kalar da za ta sa ka zaci na hukumar wurin ne. Tikitin da bai kai Yuro 20 ba sai su ninka maka, da sunan ba za ka bi layi ba, alhali duk wanda ya saya ta intanet ba ya bin layin sayen tikiti. Wasu ma ba tikiti suke turo maka ba, takarda ce da za ka kai wa wani a wata kwana a wani lokaci. In ba ka same shi ba, kuɗinka sun tafi. Shafin gaskiya shi ne mezquita-catedraldecordoba.es, na jirgi kuma shiga na kamfanin kai tsaye.

A bakin farfajiyar za ka tarar da mata riƙe da ɗan reshen ganye mai ƙamshi, suna miƙo maka da murmushi kamar kyauta. Da ka karɓa sai ta cafke tafin hannunka ta fara yi maka duba, ta gama ta nemi kuɗi, in ka ba ta tsaba ta ƙi, sai takarda. Kana fama da ita jakarka tana buɗe. Sa hannu a aljihu, ce "no, gracias", ka wuce ba tare da ka rage sauri ba. Haka masu riƙe da takardar neman sa hannu don taimakon kurame, haka wanda zai nuna maka kati ya ce shi ɗan sanda ne yana son ganin kuɗinka ko na jabu ne. Ce masa ku tafi ofishinsu, za ka ga ya sulale. A Atocha da jirgin ƙarƙashin ƙasa jakar baya ta dawo ƙirji, fasfo kuma a aljihun ciki, ba tare da waya da kuɗi ba.

Abinci ma sai da tambaya. Miyar tumatir mai sanyi da garin ya shahara da ita, salmorejo, ana barbaɗa mata naman alade a sama. Ce "sin jamón" tun wajen oda. Flamenquín alade ne gaba ɗaya, wutsiyar sa kuma da giya ake dafa ta. Soyayyen gauta da zuma da kifi sun fi kwanciyar hankali, akwai kuma gidajen abincin halal da na shayi a lungunan da ke kewaye da masallacin. Wajen biya, in na'urar kati ta tambaye ka Yuro ko wani kuɗi, danna Yuro, domin canjin da na'urar ke yi da kanta ya fi na bankinka tsada.