Mai gyaran da ya cire mini Windows 7 ba tare da asarar takarda ko ɗaya ba

Kwamfutata ta hannu ƙirar HP ce mai rumbun giga 500, kuma ta daɗe tana ɗauke da manyan manhajoji biyu: Windows 7 da na saye ta da ita, da Ubuntu wadda ɗan ƙanena ya saka mini lokacin da yake karatu a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo. Tun ranar 14 ga Janairun 2020 kamfanin Microsoft ya daina aiko wa Windows 7 gyaran tsaro, don haka na daina shiga intanet da ita, amma ta ci gaba da mamaye giga 300, ita kuwa Ubuntu da nake shirya darussan ɗalibaina a kanta kullum sai kukan ƙarancin wuri take yi. Ga kuma agogo da ke ja baya da awa ɗaya duk ranar da na koma Windows, saboda Ubuntu tana ajiye lokacin duniya a cikin na'ura, Windows ta ɗauke shi a matsayin lokacin gida, mu kuwa a Nijar muna gabansa da awa guda.

Na kai ta wani ƙaramin shago kusa da babbar kasuwar Maradi cike da fargaba, domin na sha ganin masu gyaran da maganinsu ɗaya ne ga kowace cuta, wato a shafe komai a sake zubawa. Saurayin da na tarar bai taɓa komai ba sai da ya ce mini: "Malam, wace ce za ta fita, wace ce za ta zauna, kuma ina takardunku suke?" Ya sa na zauna kusa da shi muka bi ɓangaren Windows, inda muka tono hotunan iyali da tsofaffin jarrabawa da na manta da su, ya kwashe su zuwa wani rumbu na waje, ya buɗe wasu a gabana don in tabbatar sun kwafu lafiya.

Daga nan ya tayar da kwamfutar da kile, wato filashi, ya buɗe GParted, manhajar rarraba rumbu, ya nuna mini yadda aka yanka rumbun. A nan na gane ya san aikinsa. Windows ce a farkon rumbu, Ubuntu tana bayanta, saboda haka idan ana so a haɗe wurin da aka samu da na Ubuntu, dole a ja ɓangarenta gaba ɗaya zuwa farko, aikin da kan ɗauki awanni, kuma idan wuta ta ɗauke a tsakiya, batirina kuwa ya riga ya gaji, ana iya rasa komai. Ya ba ni shawarar a bar Ubuntu inda take, a goge ɓangaren Windows a mayar da shi rumbun ajiya mai zaman kansa a tsarin ext4, irin wanda Ubuntu ke ajiye takardu da shi. Na amince, kuma har yau ina ganin shawarar ta fi abin da na je nema, domin ko gobe na sake saka Ubuntu, takarduna suna gefe. Bayan haka ya sabunta GRUB, wato jerin zaɓin da ke fitowa idan an kunna na'ura, sunan Windows ya ɓace daga ciki.

Sai dai an sami kuskure, kuma bai kamata in ɓoye shi ba. Da na kunna kwamfutar a gida, ta daɗe tana jira, sannan ta tsaya a baƙin allo mai rubutun gaggawa. Ashe ɗan ƙanen nawa ya rubuta tsohon ɓangaren Windows a fayil ɗin fstab, wanda ke gaya wa Ubuntu abin da za ta haɗa lokacin tashi, ita kuma tana ta neman abin da babu shi. Da mai gyaran ya kashe na'urar ya sake kunnawa sau ɗaya a gabana kafin ya miƙo mini ita, da ya gani tun a shago, kuma wannan sakaci ne da ya hana ni barci a daren. Washegari ya amsa laifinsa ba tare da gardama ba, ya cire layin, ya rubuta sabon rumbun a madadinsa cikin 'yan mintoci, bai karɓi ko dala ba.

Jika 5 na biya, kuma ban ga tsada ba idan aka dubi yinin da ya ɓata a kaina. Shagon matsattse ne, ba a ba da rasit, kuma wanda zai je gara ya tafi da nasa rumbun na waje, domin nasu ɗaya ne tak, sai da na jira wani ya gama da shi. Maƙwabcina yana da Windows 10 tare da Ubuntu, kuma tunda ita ma an daina tallafa mata a ranar 14 ga Oktoban 2025, can na ce ya kai tasa, da sharaɗin kada ya baro shagon sai an kunna ta sau biyu yana kallo.